Hoton MRI wajen gano dajin furostet

Furostet wata 'yar tsoka ce da maza kaɗai ke da ita. Tana ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye hanyar da fitsari ke bi, kuma girmanta a jikin matashi bai wuce na goro ba. A bakin jama'a akan kira cutar da ke kama ta da dajin mafitsara, ko da yake ita mafitsarar daban take. Wannan daji shi ne kan gaba a cikin waɗanda ke kama maza a Nijeriya, kuma ya fi yawa da tsanani a tsakanin baƙar fata.

An daɗe ana bin hanya guda wajen gano shi. Idan gwajin jini na PSA, wani sinadari da furostet ke fitarwa, ya hau, ko likita ya ji tauri da yatsa ta dubura, sai a shigar da sandar sikanin ta dubura, a soka allura sau 10 zuwa 12 a sassa daban-daban domin a gutsuro tsoka. Matsalar ita ce sikanin ba ya nuna dajin sosai, saboda haka allurar laluben duhu take yi: takan tsallake mugun ƙari, takan kuma tono ƙaramin da ba zai taɓa cutar da mai shi ba, ga zubar jini da haɗarin shigar ƙwayoyin cuta.

Hoton MRI ya juya wannan tsari, ya zama ana dubawa kafin a soka. Majinyaci yakan kwanta rigingine a cikin na'ura mai ƙarfin maganaɗisu na tesla 1.5 ko 3, kimanin minti 30 zuwa 45, tana ƙara kamar ana buga ƙarfe, har sai an toshe masa kunne. Ba a yanka, ba kuma tururin da ke cikin hoton ƙashi. Hoto iri uku ake haɗawa. Na farko yana nuna surar furostet, inda gefenta mai lafiya kan fito fari, ƙari kuma ya fito kamar tabo baƙi. A wannan gefen ne kusan kashi 70 cikin 100 na dajin ke tsirowa. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci a wurin, yana auna motsin ruwa a cikin tsoka, domin ƙwayoyin daji a cunkushe suke, ruwa ba ya samun sarari a tsakaninsu. Na uku ana ɗaukarsa ne bayan allurar gadoliniyam ta jijiya, wani sinadari da ke sa inda jini ke bi ya fito fili a hoto, saboda ƙari kan sha jini da sauri fiye da tsokar da ke kewaye da shi.

Likitan hoto yana ba kowane tabo maki daga 1 zuwa 5 bisa ma'aunin PI-RADS, wanda aka fara fitarwa a Turai a 2012, aka gyara shi a 2015 da 2019. Maki 1 da 2 na nufin da wuya a sami mugun daji, 4 da 5 kuwa sai an kai allura daidai wurin. Maki 3 ne ke da wuyar sha'ani, kuma a nan ake gane ƙwararren mai karanta hoto.

Bincike biyu ne suka tabbatar da wannan hanya. PROMIS, wanda aka yi a Birtaniya kan maza 576 aka wallafa a 2017, ya nuna MRI na gano kashi 93 cikin 100 na dajin da ke da haɗari, alhali tsohuwar allura na gano kashi 48. PRECISION na 2018 ya raba maza 500 gida biyu: a rukunin MRI an gano mugun daji a kashi 38, a rukunin tsohuwar allura kashi 26, sannan kashi 28 na rukunin MRI ba a soke su ba sam. A 2019 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Ingila, ta ba da shawarar a fara da MRI kafin allura.

Duk da haka, hoto ba ya yanke hukunci. Kumburin furostet na iya kama da ƙari, wani dajin kuma ba ya fitowa, don haka tsokar da aka duba a madubin likita ce kawai ke tabbatar da cutar. Mai na'urar daidaita bugun zuciya ko wani ƙarfe a jiki sai an tantance shi kafin ya shiga.

Idan ana son sanin ko dajin ya yaɗu zuwa kaluluwa ko ƙashi, akwai hoton PSMA PET, inda ake yin allurar wani sinadari mai turiri da ke manne wa ƙwayoyin dajin furostet ya nuna inda suke, wanda Amurka ta amince da shi a Disamba 2020. Binciken proPSMA na Ostireliya ya nuna daidaitonsa ya kai kashi 92, na tsofaffin hotuna kuwa 65. Sai dai sinadarin galiyam-68 da ake amfani da shi ƙarfinsa kan ragu da rabi cikin minti 68, dole a haɗa shi kusa da asibitin. A ƙasashenmu ko MRI ɗin ma sai a manyan birane, ga tsada, abin takaici kuma shi ne yawancin dattawa ba sa zuwa asibiti sai fitsari ya tsaya ko ciwon ya kai ƙashin baya.