Canza salansar babur: inda doka ta yarda da inda take kama mutum

Duk inda mahaya babur suka zauna hira, ba a daɗewa sai zance ya gangaro kan salansa. Wani zai tayar da nasa, ya murɗa totur sau biyu, ya dubi jama'a yana jiran a yaba. Na kusa da shi ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ai sai ta ja maka tara." Shi kuma ya durƙusa ya nuna ƙarƙashin gwangwanin ya ce, "Tarar me? Zo ka duba, da hatiminta." Hatimin nan da yake tinƙaho da shi gaskiya ne yana da ƙarfi a doka, sai dai ƙarfinsa yana da sharaɗi, kuma a kan sharaɗin ne mahaya da yawa suke faɗawa hannu.

Asalin hatimin wata yarjejeniya ce da aka ƙulla a Janiba a 1958, ƙarƙashin Hukumar Tattalin Arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Manufarta ita ce idan wata ƙasa ta gwada kayan mota ko na babur ta amince da shi, sauran ƙasashen da suka karɓi wannan ƙa'ida su ma su amince ba sai sun sake gwaji ba. Kowane sashe da lambar ƙa'idarsa: ta 22 ta hular kwano ce, ta 78 ta birkin babur, ta 41 ta ƙarar babur, ta 92 kuma ta salansar da ake sayowa daban a ɗaura. Ba Turai kaɗai ke ciki ba, akwai Japan da Ostireliya da Koriya ta Kudu da Afirka ta Kudu, kuma kowace ƙasa ita ke zaɓar ƙa'idojin da za ta yi aiki da su a kan titunanta. Hatimin kansa da'ira ce da harafin E a ciki, sai lamba a gefen harafin mai nuna ƙasar da ta yi gwajin: 1 Jamus, 2 Faransa, 3 Italiya, 11 Birtaniya, 43 Japan.

Ƙa'ida ta 41 ta raba babura gida uku, gwargwadon ƙarfin inji idan an auna shi da nauyin babur. Da desibel ake auna ƙara: mafi rauni iyakarsu desibel 73, na tsakiya 74, masu ƙarfi 77. Nan ne gardama take yawan tashi, domin mutum zai duba 'yar farantin da kamfani ya manna a jikin firam ɗin babur ɗinsa, ya ga an rubuta, misali, desibel 92, sai ya ce ashe kamfanin ma ya karya doka. Bai karya ba. Awo biyu ne daban.

Na farko a guje ake yin sa. Ana kafa na'urar ɗaukar sauti nesa da mita 7.5 daga tsakiyar hanyar gwaji, babur ya wuce ta gabanta da gudun kilomita 40 ko 50 a awa, ya danganta da ajinsa. Wannan awon shi ke da iyakar 73 zuwa 77. Na biyu a tsaye ake yi: a kawo na'urar rabin mita daga bakin salansa, a karkace da digiri 45, a ɗaga inji zuwa rabin juyin da yake ba da cikakken ƙarfinsa idan mai saurin juyi ne, sannan a karanta. Abin da aka samu shi ake bugawa a farantin, tare da adadin juyin injin. Jami'in da ya tare ka a bakin titi ba shi da hanyar gwaji, don haka da wannan lambar ta biyu zai yi aiki. Zai sa ka ɗaga inji zuwa juyin da aka rubuta, ya auna, ya kwatanta. Wato babur ɗinka da kansa yake ɗauke da shaidar da za a kafa maka.

Kada ƙanƙantar lambobin ta ruɗi kowa. Desibel ba kamar ƙirga kilomita ba ne. Ƙarin 3 kacal ya ninka ƙarfin sautin sau biyu, ƙarin 10 kuwa kunne zai ji kamar ƙarar ta ninka. Wanda ya ce "'yan desibel bakwai kawai na ƙara" ya ƙara abu mai yawa, maƙwabtansa da ke barci da asuba sun fi shi sani.

To, doka ba ta hana canza salansa ba. Tsohuwa tana ruɓewa, tana fashewa, wani kuma nauyinta ne ya dame shi ko kamanninta. Abin da ƙa'ida ta 92 ta nema shi ne sabuwar ta ci gwaji a kan irin babur ɗin da za a ɗaura ta, kada ta kai shi ga wuce iyakar ƙara. Ma'ana amincewar ba ta salansar kaɗai ba ce, ta salansa ce haɗe da samfurin babur. Wadda aka amince da ita a kan wani samfuri, in ka yi mata dabara da walda ka cusa ta a wani, hatimin yana nan a jiki amma ba ya kare ka. Shi ya sa masu ƙera ta ke haɗowa da takarda mai jerin baburan da ta dace da su. Mutane sukan jefar da ita tare da kwalin, alhali ita ce rabin abin da suka saya.

Sai babbar matsalar, matoshi. A bakin yawancin salansar canji akwai wani ɗan bututu da aka zura ciki, shi ke shanye ƙarar, mahaya na ce masa dibi-kila. A da noti ɗaya ke riƙe da shi, minti biyu da sifana ya fito, babur ya koma ruri. Da shi a ciki aka yi gwajin, don haka da zarar ya fita amincewar ta bi shi. Masu tsara ƙa'ida sun gano wannan wayon, suka shar'anta a ƙera salansa ta yadda ba za a cire matoshin cikin sauƙi ba. Yau za ka ga an ɗiga walda a kan notin, ko an kafe shi da ƙusar da sai an huda. Jami'in da ya san aikinsa ba ya ma buƙatar na'ura: ya haska tocila a bakin bututun, ya ga ramin noti fayau ko tabon inda aka goge walda, magana ta ƙare.

Kamfanoni ma sun yi nasu wayon, a faɗi gaskiya. Tun da an san gudun da ake gwaji a kansa, sai a saka wani bawul a cikin salansa da zai rufe daidai wannan gudun, babur ya yi ladab, da an wuce nan ya buɗe. Saboda haka aka ƙaro wasu gwaje-gwaje ga babura masu ƙarfi, ana auna su a gudu daban-daban da giya daban-daban.

Ƙara ba ita kaɗai ba ce a cikin bututun. Baburan zamani suna da matatar hayaƙi, wani abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma da ke ƙone gubar kafin ta fita. A Tarayyar Turai mizanin Euro 5, wanda ya fara aiki kan sababbin samfura a 2020, ya ƙayyade iskar kabon monoksaid a miligiram 1,000 kowace kilomita, ba kuma a kai wa ga haka sai da matatar. Wanda ya sauya gwangwanin ƙarshe kawai yawanci bai taɓa ta ba. Wanda ya sauya bututu tun daga bakin inji, sau da yawa ya yar da ita, ya shiga laifi na biyu. Daga nan inji ya fara harbi da zafi saboda mai ya yi kaɗan a kan iska, sai a ce a sake saita ƙwaƙwalwarsa, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa injin, a shiga na uku. A Amurka, wadda ba ta cikin yarjejeniyar 1958 kuma take da nata tsarin, kamfanin Harley-Davidson ya amince a 2016 zai biya tarar dala miliyan 12 kan sayar da na'urorin sake saita inji da ke ƙara hayaƙi. A can iyakar ƙarar babur na titi desibel 80 ce tun samfuran 1986.

Akwai hujjar da ba ta mutuwa a bakin mahaya, cewa ƙara tana ceton rai domin direba zai ji ka tafe. Ni dai ba ta gamsar da ni ba. Bakin salansa baya yake kallo, haɗari kuwa gaba yake. Binciken Hurt da aka wallafa a Amurka a 1981, wanda ya bi diddigin haɗurran babur 900, ya nuna fiye da kashi uku cikin huɗu na abin da ke jawo haɗari yana gaban mahayi ne. Direban da zai yanko maka hanya, gilashi a rufe, rediyo na tashi, fitilarka zai fara gani kafin ya ji ka.

Wasu wuraren ma sun wuce batun hatimi. A yankin Tirol na Ostiriya, tun 2020 aka hana duk babur da lambarsa ta tsaye ta haura desibel 95 bin wasu hanyoyin duwatsu a lokacin da mahaya suka fi yawa, ko da haka ya fito daga kamfani ba a taɓa shi ba. Faransa kuma ta fara gwada na'urorin da ke kama ƙara kamar yadda ake kama gudu a 2022. A Birtaniya, salansar da aka buga wa rubutun cewa ba ta titi ba ce tana kayar da babur a gwajin shekara-shekara.

Abin da aka fi mantawa shi ne inshora. A wurare da dama wajibi ne ka sanar da kamfanin inshora duk canjin da ka yi wa babur, in ka ɓoye kuma aka yi haɗari, suna iya rage diyya ko su ƙi biya. Mai sayen babur na hannu shi ma ya kula, domin wanda aka tare a kai shi ake tuhuma, ba wanda ya yi aikin ba. Kafin ka biya, ka durƙusa ka nemi hatimin, ka leƙa bakin bututun, ka nemi takardar, sannan ka tambayi mai shi ko salansar asali tana nan a ajiye. In tana nan, a haɗo maka da ita.