Waiwaye: Yadda muƙaman daular Ahom suka zama sunayen iyali a Assam

Mai bibiyar labaran jihar Assam da ke arewa maso gabashin Indiya ba zai daɗe ba sai ya ci karo da Hazarika, Saikia, Bora, Barua ko Phukan. Baƙo zai ɗauka sunayen ƙabilu ne, alhali muƙamai ne na wata daula da ta kau kimanin shekara 200 da suka wuce.

A 1228 ne wani yarima na al'ummar Tai mai suna Sukaphaa ya tsallako duwatsun Patkai da jama'arsa, ya sauka a kwarin kogin Brahmaputra, ya kafa daular Ahom. Ta yi kusan shekara 600 tana mulki, kuma ta fi dogara da ƙarfin mutane a kan kuɗin haraji. Talaka namiji mai lafiya ana ce masa paik. Akan haɗa su huɗu-huɗu, daga baya uku-uku. Ɗaya ya tafi aikin sarki, ko yaƙi, ko gina hanya, ko sassaƙa jirgin ruwa, sauran su kula masa da gona, in ya dawo wani ya karɓe shi. Ladan kowa shi ne gonar shinkafa da sarki ya yanka masa.

Taron mutane irin wannan sai da masu riƙe lissafinsa. Wanda aka ɗora kan paik 20 shi ne Bora. Mai 100 shi ne Saikia, mai 1,000 kuma Hazarika, sunayen biyu daga kalmomin ɗari da dubu aka ciro su. Phukan na iya riƙe har 6,000. Wanda ya gyara tsarin sosai shi ne Momai Tamuli Borbarua, a zamanin Sarki Pratap Singha da ya yi mulki daga 1603 zuwa 1641. Ɗansa Lachit ne ya karya rundunar Mughal, daular da ke mulkin yawancin Indiya a lokacin, a yaƙin Saraighat a 1671, kuma tarihi ya san shi da Lachit Borphukan. A lura, uba Borbarua, ɗa Borphukan, dukansu manyan muƙaman daular ne: kowa da kujerar da ya hau ake kiransa.

Wasu sunayen ma har aikin mai su suke faɗa. Tamuli shi ne mai hidimar tamul, ƙwayar da ake taunawa da ganye ana miƙa wa baƙo don girmamawa. Kakati magatakarda ne. Bezbarua shugaban masu maganin fada ne, kuma daga irin wannan gida marubuci Lakshminath Bezbaroa ya fito. Hatibarua kuwa giwayen sarki yake kula da su.

A 1826, bayan hare-haren Bama (Myanmar ta yau) sun ragargaza ƙasar, yarjejeniyar Yandabo ta buɗe wa Turawan Ingila ƙofa. Suka soke aikin paik, suka sa haraji na kuɗi. Muƙaman suka mutu, amma gidajen suka riƙe sunayen suka gadar wa 'ya'ya, kamar yadda a wajenmu za ka ga mai suna Galadima ko Ma'aji wanda rabon gidansu da rawani tun kakan kaka. Mawaƙi Bhupen Hazarika, wanda ya rasu a 2011, bai taɓa jagorantar paik dubu ba.

Abin da ya fi jan hankali a nan shi ne, sarakunan Ahom ba danginsu kaɗai suke ba waɗannan kujeru ba, har da wasu ƙabilu da Musulmi. Shi ya sa ake da mawaƙi Mafizuddin Ahmed Hazarika da masani Moidul Islam Bora, dukansu sun shugabanci ƙungiyar adabin Assam. Don haka wanda ya ce zai gane addinin mutum ko asalinsa daga jin Saikia ko Bora, canki-canka kawai yake yi.

Ba duka sunayen Assam ne daga fadar Ahom ba. Choudhury da Talukdar na yammacin jihar daga tsarin harajin Mughal suka samo asali. Mahanta da Medhi na da alaƙa da gidajen ibadar tafarkin Srimanta Sankardev, wani malamin addinin Hindu. Ƙabilar Bodo na da sunayen zuriyarta, irin su Basumatary da Daimary, sai dai a farkon ƙarni na 20 da yawansu sun bi wa'azin Kalicharan Brahma, suka ajiye sunan zuriya suka ɗauki Brahma.