Masu fentin rawaya: su wa ke tsare iyakar hanyar Appalachian?

A gabashin Amurka akwai wata hanyar ƙafa da ake kira Appalachian Trail, ta taso daga dutsen Springer a jihar Jojiya ta ƙare a dutsen Katahdin da ke jihar Maine. Tsawonta kusan kilomita 3,500 ne, ta ratsa jihohi 14. Matafiya sun saba da farin fentin da ke jikin bishiyoyi yana nuna musu hanya. Amma akwai wani fenti, rawaya, can cikin kurmi, wanda yawancinsu ba su taɓa gani ba: shi ne ke nuna iyakar filin hanyar.

Hanyar ƙafa ce fa, me ya kawo maganar iyaka?

Wani masanin gandun daji, Benton MacKaye, shi ne ya kawo shawarar hanyar a 1921, aka gama haɗa ta a 1937. A lokacin, wurare da dama ta cikin filayen mutane ta bi, bisa yardar baki kawai. Idan mai fili ya rasu ko ya sayar, sabon mai shi sai ya ja shinge ko ya fara gini, dole a karkatar da matafiya su koma gefen titin mota. Dokar 1968 ce ta sa ta ƙarƙashin kariyar gwamnatin tarayya, sannan a 1978 majalisar dokoki ta amince da dala miliyan 90 don sayen filayen da ke gefenta. Abin da aka samu shi ne wani siririn zirin daji, matsakaicin faɗinsa kusan mita 300 ne, hanyar na tsakiya. Yau kusan dukkan hanyar tana kan ƙasar da doka ta kare.

To, tunda gwamnati ta saya, ba shi ke nan ba?

Ina! Takardar mallaka tana ofis, maƙwabci kuwa yana bakin fili kullum. Wannan ya ƙara faɗin farfajiyarsa da taku goma, wancan ya kafa rumfar ajiye kaya, wani ya sare manyan itatuwa ya sayar da katako. Akwai masu zubar da tsofaffin tayoyi, da masu kutsawa da babura masu ƙafa huɗu, da maharba da ke kafa dandamali a kan bishiya inda aka hana farauta. Duk wanda ya ga yadda gonaki ke cinye burtali, kunya ɗaya bana, kunya ɗaya baɗi, ya san yadda abin yake tafiya.

A dokar Amurka, daɗewa a kan filin gwamnatin tarayya ba ya mayar da shi naka. Sai dai hukuncin kotu ba ya tayar da bishiyar da ta shekara ɗari aka kayar da ita. Kuma a yi adalci, ba kowa ne ɓarawo ba. Mutum ya sayi gida, alama ta goge, ina zai san inda nasa ya tsaya?

Su wa ke yin aikin tsare iyakar?

Masu aikin sa-kai ne, ba albashi. A 1984 hukumar kula da gandayen ƙasa ta Amurka ta damƙa kulawar yau da kullum ga ƙungiyar da yanzu ake kira Appalachian Trail Conservancy, mai hedikwata a garin Harpers Ferry da ke jihar West Virginia. Ita kuma tana aiki da ƙananan ƙungiyoyi kusan 30, kowacce da yankinta. Ɗaya daga cikinsu, Potomac Appalachian Trail Club, tun 1927 take.

Yaya ranar aikinsu take?

Ba a kan hanyar suke tafiya ba, nan ne wahalar. Layin iyaka bai san sauƙi ba: inda safiyo ya ja shi, nan za a bi, ko ƙaya ce, ko fadama, ko gangaren dutse. Mutum yana riƙe da taswirar safiyo da kamfas, wani da gwangwanin fenti da buroshi, wani yana datse rassan da suka rufe layin.

Abin da ake nema su ne turakun ƙarfe da aka kafa a ƙasa, kowanne da hular alminiyam mai lamba. Ganye da ƙasa sukan binne su, don haka akan yi amfani da na'urar gano ƙarfe. Kusa da turke akwai bishiyoyin shaida, waɗanda safiyo ya rubuta nisansu da kusurwarsu daga turken. Idan an ga bishiyoyin, sai a ja tef a auna, a tona. Daga nan a sabunta fentin da ya koɗe, ta yadda wanda ya tsaya a alama ɗaya zai hango ta gaba.

Sun fi son fita bayan ganye ya kaɗe, daga ƙarshen kaka zuwa kafin bishiyoyi su sake toho, saboda a lokacin ido yana ganin nesa. Da zafi kuwa ga duhun ganye, ga kaska mai yaɗa cutar Lyme. A dazuzzukan da ke hannun wata hukuma ta daban, wato hukumar gandun daji ta Amurka, musamman a kudu, fentin iyaka ja ne.

Idan turke ya ɓata ko ya tumɓuke, za su mayar da shi?

A'a. Aikin safiyo mai lasisi ne. Ba sa kuma shafa fenti a bishiyar da suke tsammanin tana kan layi, tsohuwar alama kaɗai suke bi. Kuskuren mita biyu ya isa ya jawo shari'a.

Idan suka tarar an shigo fa?

Su ɗauki hoto, su rubuta wurin da lambar turke mafi kusa, su kai rahoto. Ba kamu, ba cacar baki. Ƙaramin abu sau da yawa yakan mutu da wasiƙa ko hira da maƙwabcin. Satar katako kuwa sai jami'an hukuma. A ganina wannan kamun kai shi ya sa tsarin ya ɗore. Maƙwabcin da aka gaishe shi, aka nuna masa turke cikin mutunci, gobe shi zai buga waya idan ya ji ƙarar injin yankan katako a dajin.

Me ya hana gwamnati ɗaukar ma'aikata su yi?

Yawan aikin. Zirin yana da gefe biyu, ga lanƙwasa ga kusurwoyi, har iyakar da ake wa fentin rawaya ta haura kilomita 2,000, jami'an da ke kula da hanyar kuwa 'yan kaɗan ne. Fenti yana koɗewa cikin 'yan shekaru, bishiyoyin shaida suna faɗuwa. Shi ya sa ƙungiyoyin ke yanka wa mutum guntun yanki, ya riƙa zagaya shi a kai a kai yana aika rahoto.