Sauron da ke cizon ɗanka daga tudu aka aiko shi

Jama'ar Yamai salamu alaikum. Aikina bin gida gida ne kan maganar zazzaɓin yara da zawo, amma yau zancen ruwa zan yi, don wallahi na gaji da raba magani kowace damina a gidajen da na raba bara.

Kun tuna Satumban 2020 da kogin Isa, wato Kwara, ya kai wajen mita 7, digi mai tare ruwan kogi ta fashe, unguwannin Lamorde da Karaje suka sha ruwa, kowa sai cewa yake ikon Allah ne. E ikon Allah ne, amma mu ma da hannunmu a ciki. Jan ruwan nan na damina da kogin Sirba ke kawowa tun daga Burkina ƙasa ce ya kwaso, ƙasar da aka sare wa itace ta koma fako, ruwa ba ya shiga sai dai ya gudu da yashi ya zube a kogi, kogi ya cike. Nan cikin gari ma haka ne, bedin santir bert, dajin nan na gefen gari, da aka fara shukawa tun 1965 kullum ana yanka shi ana maida shi parsel na gina gidaje.

Sai kwarin Gunti Yena da ya ratsa cikin gari, shi ya fi ci min rai. Shekaranjiya na leƙa ƙarƙashin wata gada, leda ce da robar ruwa da tsohuwar katifa sun toshe hanya, ruwan ya koma kore shar, na ɗebo a gwangwani sai ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil. Ƙasa kaɗan wani bawan Allah na ban ruwan salati da shi, salatin da za mu saya gobe a kasuwa. Ban ga laifinsa sosai ba, shi ma neman na tuwo yake.

To mai unguwa, liman, ku iyayenmu mata, kafin a yi ta kukan siminti a fara zama a san ta ina ruwan kartiye ke bi. Hanyar nan kar a sayar, kar a gina, kar a zuba shara. Bakin kori a dasa itace da gamba su riƙe ƙasa, kan tudu a haƙa ramuka masu siffar rabin wata ruwa ya tsaya ya nutse inda ya faɗo. Mutanen sama da na gangare su zauna tare, don bolar na sama a ɗakin na ƙasa take kwana.

A wanke salati da kyau da ruwan pampo, yara su kwana cikin gidan sauro, in jiki ya yi zafi a kai su likita tun ranar.