Waiwaye: Kifin da kasuwa ta riga masana sani

A watan Maris na 2022 wasu masana huɗu suka raɗa wa wani ɗan kifi na tsibiran Maldibis suna: Cirrhilabrus finifenmaa. Tsawonsa bai kai tafin hannu ba. Kansa da gaban jikinsa jajaye ne kamar fure, daga nan launin ya sirka zuwa ruwan lemo har wutsiya. A harshen Dibehi na mutanen tsibiran, "finifenmaa" sunan furen wardi ne, wato furen da ƙasar ta ɗauka a matsayin tambarinta. Cikin masanan akwai ɗan ƙasa, Ahmed Najeeb, shi ya sa mutanen Maldibis suka yi murna da labarin. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Kafin a raɗa masa sunan, kifin ya daɗe yana shiga leda, yana hawa jirgin sama, yana sauka a shagunan Amurka da Turai da Japan. A lokacin ana sayar da shi ne da sunan wani ɗan uwansa, Cirrhilabrus rubrisquamis, wanda aka bayyana a 1983 daga ɗan ƙaramin kifi guda ɗaya tak da aka samo a tsibiran Chagos. Shekara da shekaru kuɗi na shiga aljihu a kan halittar da ba ta ma shiga littafi ba.

Dangin Cirrhilabrus, waɗanda Turawa suke yi wa laƙabin da ma'anarsa ta yi kusa da "kifin aljanu", sun haura iri 60. Suna zaune a tekun Indiya da na Fasifik, daga Bahar Maliya har Hawai, galibi a kan tarin ɓaraguzan murjani (wata halittar teku mai gina duwatsu a ƙarƙashin ruwa) da ke gefen manyan duwatsunsa, inda suke tashi sama kaɗan suna tsintar ƙananan halittun da igiyar ruwa ke kawowa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tankin gilashi ya kalli namijinsu da yamma ya san abin da ke ɗaukar hankalin masu kiwo. Yana cikin yawonsa sai ya buɗe fikafikansa gaba ɗaya, launinsa ya sauya cikin ƙiftawar ido, wani layi mai shuɗi ko fari ya haska a bayansa, ya yi wuf ya ratsa gaban mata, sannan ya koma kamar ba shi ba. Wannan kwalliyar neman aure ce, kuma ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi. Da dare sai ya shige kogon dutse ya lulluɓe kansa da majinar da jikinsa ke fitarwa, wadda ake ganin tana ɓoye ƙanshinsa daga masu farauta. Wani abin mamaki kuma, akasarinsu da mace suke farawa. Namiji ɗaya ke riƙe da garken mata, idan ya mutu ko aka kama shi, babbar cikinsu ta rikiɗe ta zama namiji. A riƙe wannan batu, domin namijin da ya gama ƙosawa shi ne mai launi, shi kuma kasuwa ta fi nema.

Ajiye halittun teku a gida ya samo asali ne a Ingila. A 1846 wata mata mai suna Anna Thynne ta fara riƙe murjani da rai a gidanta na Landan, tana sa a riƙa juya ruwan daga wannan kwano zuwa wancan domin iska ta shige shi. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi ga jama'a, shekara ɗaya bayan haka Philip Henry Gosse ya yaɗa sunan da Turawa ke kiran tankin da shi har yau, wato "aquarium". Amma kifin ƙasashe masu zafi ba ya jure doguwar tafiyar jirgin ruwa. Cinikinsa ya fara da kaɗan-kaɗan a Siri Lanka a shekarun 1930, bai kankama ba sai a shekarun 1950, lokacin da jirgin sama da ledar roba da iskar oksijin suka haɗu. Nan ne Hawai da Filifin suka shigo. Daga baya aka samu gishirin da ake haɗawa a masana'anta, mutumin da ke nesa da teku ya iya kwaɓa ruwan teku a cikin bokiti.

Da buƙata ta yi yawa sai guba ta shigo. Tun farkon shekarun 1960 masunta a Filifin suka fara amfani da sayanayid, daga can kuma al'adar ta tsallaka Indunusiya. Mai nutso zai narkar da ƙwayar gubar a gorar roba, ya nutse, ya matsa ta cikin ramin da kifi ya ɓuya. Kifin ya fito a buge, a sa hannu a ɗauke. Wanda bai mutu nan take ba zai farfaɗo ya yi kyau kamar lafiyarsa ƙalau, alhali hantarsa ta riga ta lalace, bayan kwanaki ko makonni ya daina cin abinci ya mutu a tankin wanda ya saye shi, shi kuma ya ɗauka shi ne bai iya kiwo ba. Murjanin da gubar ta taɓa yakan yi fari ya mutu, ga shi kuma halitta ce mai jinkirin girma. Ƙasashen biyu sun haramta wannan hanya tuntuni, kuma tun shekarun 1980 ƙungiyoyi suke koya wa masunta kamu da raga: a kafa doguwar raga mai ƙananan idanu, a kora kifin a hankali, a kwashe da 'yar ƙaramar koma. Da yawa sun koma ga ragar. Sai dai bai kamata a ɗora wa masuncin laifin shi kaɗai ba. Shi ne yake samun kaso mafi ƙanƙanta na kuɗin, sau da yawa kuma dillalin da ke sayen kifin shi ne mai ba shi bashin jirgi da mai, wani lokaci har da gubar. A 1998 aka kafa wata majalisa mai suna Marine Aquarium Council domin ta riƙa ba da shaidar kifin da aka kama ta hanya mai kyau, amma bayan kimanin shekara goma ta durƙushe.

Labarin kifin aljanu ya fi alaƙa da zurfi fiye da guba. Mai nutso da tulun iska na yau da kullum ba ya wuce mita 40 cikin aminci. Ƙasa da haka akwai wani yanki mai dishi-dishin haske da ya kai mita 150, ya yi wa mai tulu zurfi, masu jirgin ƙarƙashin teku kuma ba su cika tsayawa a nan ba, sai aka daɗe ba a leƙa shi. John Randall na gidan tarihi na Bishop da ke Honolulu, wanda ya rasu a 2020 bayan ya bayyana kifaye fiye da iri 800, shi ya raɗa wa da yawa daga cikin wannan dangi suna. Ɗalibinsa Richard Pyle ya matsa ƙasa. A 1986, yana ɗan shekara 19, ya yi nutso mai zurfi a tsibiran Palau da ke tekun Fasifik, ya taso da ciwon da ke kama masu nutso, har jikinsa ya shanye na wani lokaci. Ciwon yana faruwa ne idan iskar naitirojin da ta narke a jini saboda matsin ruwa ta tashi kumfa sa'ad da mutum ya taso da sauri, kamar yadda lemon kwalba ke yi idan an ɓalle marfi da gaggawa. Da ya warke bai bar aikin ba, ya koma amfani da na'urar da ke tace numfashi tana mayar wa mutum, da iska mai haɗin hiliyam. Da irin wannan kayan ne ake sauka mita 100, a yi 'yan mintoci a ƙasa, sannan a shafe sa'o'i ana hawowa mataki-mataki.

Shi ma kifin haka yake sha. Yana da jakar iska a ciki, idan aka ɗago shi da sauri jakar ta kumbura, idanunsa su fito, cikinsa ya turo ta baki. Masu kamu sukan huda jakar da siririyar allura a kan hanya, ko su rataye kifin a keji suna ɗago shi kaɗan-kaɗan. Masanan cibiyar kimiyya ta Kalifoniya sun ƙera wani ɗan tulu da ake rufe kifin a ciki tun a ƙasa, a fito da shi, a riƙa sassauta matsin cikin kwanaki. Wannan wahala ita ke sa tsada. A 1992 Pyle da Randall suka bayyana wani ɗan kifi mai ratsin ja da fari daga Rarotonga a tsibiran Cook, suka sa masa Centropyge boylei don girmama Charles Boyle, mai kamun kifin ado da ya gano shi. An sha ruwaito cewa masu tara kifi sun taya guda ɗaya har dala 30,000.

A nan ne nake ganin ana ruɗa mutane da kalmar "mai wuyar samu". Kifi zai iya yin wuya a shago don yana zurfi, ko don tsibirinsa ba shi da jirgin da ke zuwa kullum, alhali a inda yake yana nan garke-garke. Wani kuma a teku ne yake da ƙaranci, duk duniyarsa 'yan tsibirai ce. Farashi ba ya bambance waɗannan biyun. Ƙidaya ce kaɗai ke bambancewa, ita kuma ba ta yiwuwa sai da suna. Rahoton da wata cibiyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003 ya ƙiyasta cewa ana cinikin kifin teku na ado miliyan 20 zuwa 24 a shekara, iri 1,471, kuma mutum miliyan 1.5 zuwa 2 ne ke da tanki. A 2012 Andrew Rhyne da abokan aikinsa suka bi takardun shigo da kaya na Amurka na shekara guda ɗaya bayan ɗaya, suka tarar da kifi fiye da miliyan 11, iri 1,802, galibi daga Filifin da Indunusiya. Dalilin da ya sa sai da suka yi wannan jan aiki shi ne, a rajistar hukuma duk an dunƙule su ƙarƙashin lamba ɗaya ta "kifin teku na ƙasashe masu zafi". Kifin da aka rubuta da sunan wani kuwa, kamar na Maldibis, ko takardar ba za ta nuna shi ba.

Abin da ake tsoro ya riga ya faru da wani kifin. Pterapogon kauderni, mai ratsin baƙi da ɗige-ɗigen fari, asalinsa tsibiran Banggai ne kawai a gabashin Sulawesi ta Indunusiya. An bayyana shi a 1933, aka manta da shi, sai a 1994 Gerald Allen ya sake gano shi, a 1995 ya nuna wa masu kiwo. Namijin ne ke riƙe ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe, 'ya'yan kaɗan ne, ba sa kuma tafiya nesa. Nan da nan aka shiga kwasarsa dubu ɗari-ɗari, a 2007 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin masu fuskantar ƙarewa. Sau biyu aka kai shawarar sanya cinikinsa ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin halittun da ke cikin haɗari, a 2007 da 2016, sau biyu aka janye. Shekara 12 kacal tsakanin ranar da kasuwa ta san shi da ranar da aka ce yana cikin haɗari.

Hawai ta bi wata hanya. Dokar 1998 ta sa aka rufe kusan kashi 35 cikin 100 na gaɓar yammacin babban tsibirin ga masu kamun kifin ado, aka kuma riƙa ƙirga kifin shekara bayan shekara, musamman wani rawayan kifi mai suna Zebrasoma flavescens, wanda ya ƙaru a wuraren da aka rufe. Duk da haka takaddama ba ta kwanta ba. 'Yan asalin tsibiran da masu kare muhalli suka tafi kotu, a 2017 kotun ƙolin jihar ta ce sai an yi nazarin muhalli kafin ba da izini, a Janairun 2021 kuma aka dakatar da kamun kasuwanci gaba ɗaya. Cirrhilabrus jordani, jan kifin aljanun Hawai da aka bayyana tun 1904, ya yi ƙaranci a shaguna daga lokacin.

Mafitar da kowa ke ambata ita ce a hayayyafa kifin a tanki. Ga wasu iri an yi nasara: tun farkon shekarun 1970 Martin Moe ya fara hayayyafa wani kifi mai ruwan lemo da ratsin fari a Florida, a 2015 wata cibiya a Hawai ta raini rawayan kifin daga ƙwai, a 2016 jami'ar Florida ta yi haka da shuɗin ɗan uwansa. Dangin kifin aljanu kuwa suna watsa ƙwai ne a cikin ruwa, 'ya'yan su fito ƙanana ƙwarai da bakin da ba ya iya cin komai sai halittun da ido ba ya gani. Shi ya sa kusan duk ɗan wannan dangi da ke iyo a tankin wani a yau daga teku aka ɗebo shi, da hannun wani mai nutso. Da yawa cikin masu nutson nan ba su da kayan Pyle. Dogon tiyo ne a baki, an jona shi da injin hura iska a cikin kwale-kwale.

Adalci shi ne a faɗi cewa kasuwar ta taimaki ilimi. Sabbin iri da dama masu kamu ne suka fara ganin su, suka aika wa masana hoto ko kifin kansa. Yi-Kai Tea, wanda ya jagoranci aikin kifin Maldibis kuma ya shiga cikin waɗanda suka bayyana Cirrhilabrus wakanda daga zurfin tekun Zanzibar a 2019, daga cikin masu kiwo ya taso. A watan Mayun 2024 CITES ta tara masana da 'yan kasuwa da jami'an gwamnatoci a Brisbane ta Ostareliya kan cinikin kifin teku na ado, kuma daga cikin abubuwan da aka fi nanatawa akwai buƙatar a riƙa rubuta kowane kifi da sunan irinsa a takardun fita da shiga. Shi dai finifenmaa yanzu yana da sunan da za a rubuta. Yana can tsakanin mita 40 da 70 a ƙarƙashin ruwan Maldibis, ana kuma ci gaba da fitar da shi.