Maiƙo da Ciwon Zuciya: Tambayoyi da Amsoshi kan Binciken Ancel Keys

Idan likita a Jos ya duba jininka ya ce ka rage maiƙo, shawarar tana da tarihi, kuma wani Ba'amurke mai suna Ancel Keys na cikin waɗanda suka kafa tushenta.

Wane ne shi?

Masanin yadda jikin ɗan'adam ke aiki ne. An haife shi a 1904, ya rasu a 2004 yana da shekara 100, kuma a Jami'ar Minnesota ya yi mafi yawan aikinsa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shi ya tsara guzurin da sojojin Amurka ke ɗauka zuwa fagen daga.

Me ya ja hankalinsa ga zuciya?

Bayan yaƙi ya lura masu hannu da shuni a Amurka, waɗanda nama da man shanu ba sa yanke musu, bugun zuciya na ta kayar da su. Amma a birnin Naples na Italiya, ma'aikata talakawa da cimarsu ba ta wuce burodi, taliya, ganye da man zaitun ba, da wuya ka ji ciwon a cikinsu. Sai ya yi zargin kitse mai daskarewa, irin na dabba, shi ke ƙara kolestarol, wato wani irin maiƙo da ke yawo a jini, har jijiyoyin zuciya su toshe.

Ta yaya ya gwada zargin?

A 1958 ya fara binciken ƙasashe bakwai: Amurka, Finland, Holan, Italiya, Yugoslabiya, Girka da Japan. An bi maza sama da 12,000 masu shekara 40 zuwa 59, ana auna jininsu, ana rubuta abin da suke ci, shekara da shekaru. A gabashin Finland, inda ake shafa man shanu a burodi ba ƙaƙƙautawa, mutuwa ta ciwon zuciya ta fi yawa. A tsibirin Crete na Girka kuwa ana cin mai sosai, amma na zaitun, kuma ciwon ya yi ƙaranci. Nan ne abin da na fi so mutane su riƙe: irin man ya fi yawansa muhimmanci.

Ba a soki aikinsa ba?

An soka, kuma wasu sukan suna da hujja. Babu mace ko ɗaya a binciken, babu ƙasar Afirka. John Yudkin, wani masanin abinci na Ingila, ya dage cewa sukari aka manta da shi. Sai dai abin da ya faru a Finland ya ƙarfafa Keys: daga 1972 likita Pekka Puska ya jagoranci shiri a yankin Karelia ta Arewa na rage man shanu, gishiri da taba, kuma cikin shekarun da suka biyo baya mutuwar magidanta ta ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100.

To mu da ba mu cin man zaitun fa?

Muna da man gyaɗa, wanda kitsensa mai daskarewa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar ba, alhali na man ja ya kai kusan rabi. Ba cewa nake a daina miyar man ja ba, a dai rage ludayi. Wanda ya fi damuna shi ne man da mai ƙosai ko mai suyar dankali ke maimaitawa har ya yi baƙi, da guntun kitsen da muke roƙon mai tsire ya ƙara mana. Sannan a Jos ba mu da uzuri kan ganye: kabeji, karas, latas da koren wake suna jibge a kasuwar Farin Gada, ga acca da gwate a gidajen maƙwabtanmu.

Maiƙo ne kaɗai abin tsoro?

A'a. A Najeriya hawan jini ne kan gaba wajen gajiyar da zuciya da jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma gishiri na rura shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma lissafin ya haɗa har da gishirin da ke cikin dunƙulen ɗanɗano da uwargida ke marmasawa a miya.