Ba jikin yaro ne ya saba da maganin nimoniya ba

Duk shekara da hunturu ya kama, ƙura ta rufe Gusau, tambayoyin nan dai nake amsawa a tagar ba da magani. Ga su a rubuce, ko bakina ya huta.

Jikin yarona ne ya saba da amoxicillin?

A'a. Ƙwayar cutar ce ta sauya.

Mura ma ai kafso ake sha, ko?

Wa ya ce? Mura bairos ke kawo ta, kafso ba ya taɓa ta. Sai dai ya share ƙwayoyi masu rauni a hancin yaro, masu taurin kai su samu fili.

To ta yaya ƙwayar cutar take gagarar magani?

Wadda ta fi kawo nimoniya, wato ciwon huhu, sunanta Streptococcus pneumoniae, yara da yawa ma na ɗauke da ita a hanci suna wasansu lafiya ƙalau. Penisilin da danginsa, irin su amoxicillin, suna kama sinadaran da take gina bangon jikinta da su ne, bangon ya fashe. Ita kuwa takan tsinci guntayen ƙwayoyin gado na danginta da ke zaune a baki da maƙogwaro, ta haɗa da nata, siffar sinadaran ta canza, magani ya zo ya rasa makama. Makulli na hannunka, an sauya kwaɗon. An ga haka a Ostareliya a 1967, a 1977 kuma aka samu wadda ta gagari magunguna da dama a Afirka ta Kudu.

In sayi na kwana biyu kafin kuɗi su samu?

Na san halin da ake ciki, Malam. Amma kafso huɗun da mai kemis ke yanko maka da almakashi ya naɗe a takarda, horo kake ba ƙwayar. Fleming da ya gano penisilin a 1928 ya yi kashedin shan abin da bai kai ba tun 1945.

Kwana biyu yana sha, zazzaɓi bai sauka ba. In koma Augmentin?

Hajiya, kwantar da hankali, nan ba na saurin cewa e ko a'a. Mai yiwuwa ƙwayar ta gagara ne, amma ba shi nake fara zargi ba. An gwada maleriya? Da me ake auna maganin? Jiya wata uwa ta nuna mini cokalin shayinta, ɗan mitsitsi, ga kwalbar an cika ta da ruwa har ya wuce layi. Ko kuma yaron na amayar da shi ba a sake ba shi. Augmentin kuwa amoxicillin ne da ƙarin wani sinadari mai toshe makamin da wasu ƙwayoyi, irin su Haemophilus influenzae, ke sare magani da shi. Streptococcus pneumoniae ba ta da wannan makami, don haka ƙarin ba ya yi mata komai; sau da yawa gyara adadin amoxicillin ne ke cin ta, kuma likita ke yanke wannan gwargwadon nauyin yaro. Ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashi na minti guda cif. 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ya yi sauri. In ƙasan haƙarƙari na lotsawa, ko ya ƙi nono, ko yana jijjiga, bar zancen canza magani, asibiti yanzu.

Akwai rigakafi?

Akwai, PCV, tun Disamba 2014 aka fara a Najeriya. Ana yi wa jariri a sati 6, 10 da 14, kyauta. Ina katin yaron?